Kafin Ka Sayi Motar Golf Mai Lantarki, Ɗaga Kujera Ka Ƙirga Batura

Wanda ya je Umra a 'yan shekarun nan ya san su: ƙananan motocin nan marasa ƙofa da ke ɗaukar tsofaffi da marasa lafiya a Harami, suna tafiya shiru kamar kyanwa. A nan gida ana ganinsu a filayen golf irin na IBB da ke Abuja da na Rayfield a Jos, amma yawancin masu tambayata a kansu ba su taɓa riƙe sandar golf ba. Masu otal ne, da masu rukunin gidaje, da masu gona mai faɗi, da makarantun kwana, ko kuma mutumin da ƙafar mahaifinsa ta fara gazawa, yana neman abin da zai riƙa kai tsohon masallaci a cikin rukunin. Kusan dukkansu tambayar farko ɗaya ce: wace kala, kujera nawa? Ni ma da haka na fara, na kuwa ji a jikina.

Ta farko da muka saya a wurin aikinmu 'yar Kwatano ce, fenti sabo, kujeru na sheƙi. Mako uku da zuwanta ta kasa hawa ɗan tudun bakin get da mutum huɗu. Da muka ɗaga kujera sai ga batura shida, huɗu kamfani ɗaya, biyu wani kamfani dabam, ɗaya ma ya kumbura kamar burodi. Tun daga ranar na gane cewa mai sayen wannan mota batura da caja yake saya. Gangar jikin kyauta aka ba shi.

Mataki na ɗaya: auna hanyar da za ta bi

Kafin ka kira dillali, ɗauki waya ka auna nisan zirga-zirgar da motar za ta yi a rana. Zagaye ɗaya na filin golf mai ramuka 18 bai cika wuce kilomita goma ba, kuma don irin wannan aikin aka ƙera motar tun asali. Otal mai jigilar baƙi daga safe zuwa dare zai iya ninka wannan sau uku ko huɗu. Mai baturan dalma masu lafiya takan yi kilomita 25 zuwa 40 a caji ɗaya, mai litiyum takan zarce haka, amma nauyi da tudu da yashi duk suna zaftare lissafin.

Rubuta abu uku: mutum nawa za ta ɗauka a lokaci guda, wane irin ƙasa za ta taka, da kuma tudu mafi tsanani a hanyar. Idan kaya za ka ɗauka, buhunan abincin kaji ko akwatunan baƙi, to ba mai kujeru kake nema ba. Akwai masu buɗaɗɗen baya da aka yi don aiki, irin su Carryall ta Club Car da UMAX ta Yamaha da Hauler ta Cushman. Mai kujera biyu ta filin golf abin da aka ƙayyade mata bai wuce wajen kilo 360 ba, har da direba. Mutane sukan ɗaura mata kujerar baya su loda manya huɗu da yaro, sannan su yi mamakin yadda sifirin ya kwanta.

Gudunta kuwa kilomita 19 zuwa 24 ne a awa. A Amurka akwai wani rukuni da doka ta yarda ya hau titunan unguwa, masu gudun kilomita 32 zuwa 40, da sharaɗin fitilu da sigina da madubi da bel da gilashin gaba da lambar shasi. Garuruwa irin su Peachtree City a jihar Jojiya har hanyoyi na musamman suka shimfiɗa musu. Mu nan babu wannan shimfiɗar. Ka bar ta cikin katanga. Motar da ba ta da ƙofa ba ta da abin da za ta gaya wa tirela.

Mataki na biyu: wutar da za ka ba ta

Nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Tsofaffin cajojin da ke zuwa tare da motocin da aka kwaso daga can, irin PowerDrive ta Club Car da Powerwise ta E-Z-GO, galibinsu na 120 ne. Ka cusa ɗaya a soket ɗinmu kai tsaye, ƙauri kawai za ka ji. Juya cajar ka karanta rubutun da ke jikinta. Idan ka ga 100 zuwa 240, ko wani abu kusa da haka, ka tsira. Cajojin zamani irin na Delta-Q haka suke. Idan 120 kaɗai aka rubuta, ko dai ka sayi taransifoma mai rage wuta wadda ta fi ƙarfin cajar nesa ba kusa ba, ko kuma ka canza cajar gaba ɗaya. Na fi ba da shawarar canzawa, domin tsofaffin cajojin nan an yi su ne don wuta mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu kuwa 50 ce, kuma sukan yi zafi fiye da kima.

Wani ɗan tarko: Club Car masu bolt 48 da aka yi daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa wajen 2014 suna da wata 'yar kwamfuta a ciki wadda ita ke ba caja umarni. Idan za ka sa mata cajar wani kamfani, dole mai wayarin ya kewaye wannan kwamfutar. In bai san da ita ba, zai ce maka sabuwar cajar ce ba ta da kyau.

Caja takan ja wajen wat 1,000, kuma baturan dalma na son awa takwas zuwa goma ba tare da yankewa ba. Yanzu tambayi kanka tsakani da Allah: unguwarku tana samun wutar Nefa awa takwas a jere da dare? Ƙaramin janaretan nan na Tiger ba zai ɗauke ta ba. Idan sola gare ka, lissafa cewa motar da ta yi aikin yini za ta sha kilowat-awa (yunit ɗin mitar wuta) huɗu zuwa biyar, wato aikin faranti huɗu masu wat 400 kenan a ranar da gari ya yi haske, ban da abin da gidan ke ci. Amsar wannan tambayar ita za ta zaɓa maka nau'in batir.

Mataki na uku: dalma ko litiyum

Baturan dalma masu ruwa su ne na gargajiya. Ana jera su su ba da bolt 36 ko 48. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ƙirga murafun da ke kan kowane batir, kowane murfi bolt biyu ne. Murfi uku, bolt shida. Murfi huɗu, bolt takwas. Murfi shida, bolt 12. Sai ka ninka da yawan baturan. Shida masu murfi uku sun ba ka 36. Shida masu murfi huɗu, ko huɗu masu murfi shida, sun ba ka 48. Wanda aka fi sani a wannan harkar shi ne Trojan, mai launin jan ƙasa: T-105 mai bolt shida, T-875 mai bolt takwas. Kowane ɗaya yana kusan kilo 29, ka ga shida sun haura kilo 170 kenan a ƙarƙashin kujera.

Amfaninsu shi ne arha wajen saye, kuma duk mai harkar inbata ya san su. Aibinsu kuwa yanayinmu ne ke tona shi. Masu ƙera su suna auna rayuwarsu a zafin digiri 25, kuma ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin digiri takwas zuwa goma yana raba rayuwar batir gida biyu. Batirin da zai yi shekara biyar a ƙasar sanyi, ka kawo shi Sakkwato ko Maiduguri inda watan Afrilu ke haura digiri 40, kada ka sa ran zai kai haka. Ruwansa yana ƙonewa da wuri. Sannan babban abin da ke kashe batirin dalma shi ne a bar shi da rabin caji, wato daidai abin da wutarmu ke yi masa kullum: a kawo awa uku, a ɗauke. Kuma ba a so a riƙa shanye fiye da rabin abin da ke cikinsa. Shida na T-875 a takarda sun haura kilowat-awa takwas, amma abin da za ka mora ba tare da cutar da su ba wajen huɗu ne.

Litiyum, nau'in da ake rubutawa LiFePO4, akwati ɗaya ne mai bolt 51.2. Mai amfiya-awa 105 (105Ah) yana ɗauke da kusan kilowat-awa 5.4, kuma za ka iya shan mafi yawansa. Nauyinsa bai cika wuce kilo 50 ba, motar ta rage fiye da buhu biyu na siminti kenan, sai ka ga ta ƙara kuzari a tudu. Ba ya son ruwa, ba ya jin haushin rabin caji, yana cika cikin awa huɗu zuwa biyar da caja mai kyau. Ga mai wutar da ba ta da tabbas, wannan kaɗai ya isa hujja. Manyan kamfanonin ma sun koma can. E-Z-GO ta fito da nata mai suna ELiTE tun 2017 da ƙwayoyin Samsung.

Tsadarsa ita ce matsala, sai kuma jabu. A cikin akwatin akwai allon da ke kula da ƙwayoyin, wanda masu sana'a ke kira BMS. Tambayi amfiya nawa yake bari ya wuce a ci gaba, da nawa yake jurewa na ɗan lokaci. Batirin litiyum na inbatar gida wanda allonsa ke tsayawa a amfiya 100 zai iya yanke wuta ɗif a tsakiyar tudu, domin motar takan fizgi ninkin haka lokacin tashi da kaya. Na ga an yi wannan dabarar don a rage kuɗi, motar ta tsaya da amarya a ciki ana tsaka da biki. Nemi wanda aka yi don motar golf, da cajarsa tare. Cajar dalma ba ta dace da litiyum ba.

Ra'ayina: idan motar za ta yi aiki kullum, ko kuma ba ka da yaron da za ka amince zai riƙa duba ruwa, ɗaure ka sayi litiyum. Idan sau biyu a mako za ta fita kuma kana da sola mai ƙarfi, dalma za ta yi maka. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne batirin mota na tayar da inji. Faifan dalmar da ke cikinsa sirara ne, an yi shi don bugu ɗaya mai ƙarfi, 'yan watanni zai yi ya mutu.

Mataki na huɗu: ƙarfi da inji

Bolt 36 tsohon yayi ne, ya isa fili mai laushi da mutum biyu. Ga kusan kowa 48 ce daidai. Mai kujera shida ko takwas, ko wurin da ke da tudu sosai kamar wasu sassan Abuja da Jos, a duba 72 ko kuma 48 mai inji babba.

Injin iri biyu ne. Na DC ya fi sauƙin gyara, yana da gawayi a ciki da ke cinyewa a canza, kuma mai gyaran kik ɗin mota zai gane kansa. Na AC ba shi da gawayi, ya fi ƙarfi a tudu, ya fi tattalin wuta, yana kuma mayar da caji lokacin gangara. RXV ta E-Z-GO da shi take zuwa tun fitowarta a 2008. Sai dai idan kwantirolarsa, wato na'urar da ke sarrafa wutar da ke shiga injin, ta ƙone, ba gyara ake yi ba, sabuwa ake nema, kuma daga waje. Tambayi ƙarfin injin, wanda yawanci kilowat uku zuwa biyar ne, ka kuma duba sunan kwantirolar. In ka ga Curtis, hankalinka ya ɗan kwanta, don ana samunta.

Mataki na biyar: wane kamfani

Manyan uku su ne Club Car da E-Z-GO da Yamaha. Biyun farko a garin Augusta na jihar Jojiya suke, Yamaha ma a jihar take haɗa nata, a Newnan. Club Car shasinta na alminiyum ne, ba ya tsatsa, abin da ke da muhimmanci ga mai zama Legas ko Fatakwal, ko mai sayen wadda ta daɗe asid na ɗiga mata. Sauran biyun ƙarfe ne. Na Caina irin su Marshell da Lvtong da HDK suna zuwa sababbi da fitilu da allo da kujeru masu kyau, a farashin da bai kai na manyan ba, kuma wasunsu suna da inganci.

Ni dai ma'aunina ɗaya ne. Ce wa mai sayarwa ya nuna maka takalmin birki da solanoyid da feda a kan kanta, yau ɗin nan. In ya ce "za mu yi maka oda", ka san motar za ta yi wata biyu a rumfa saboda abin da bai kai girman tafin hannu ba. Tsofaffin TXT ta E-Z-GO da Precedent ta Club Car da Drive ta Yamaha sun cika duniya, kayansu ba sa wahala.

Mataki na shida: duba ta hannu

Je da mita, da tocila, da wanda ya san batir. Ka gaya wa mai motar tun jiya ya cika ta, ya kuma cire caja awanni kafin ku zo, domin batir da aka cire daga caja yanzu yakan nuna ƙarfin ƙarya.

Fara da shekarar ƙira. A Club Car lambar tana ƙarƙashin aljihun gaba ta ɓangaren fasinja: haruffa, sai lamba biyu na shekara, sai biyu na mako. PH0901 na nufin 2009, makon farko. Fenti ba zai iya ɓoye wannan ba.

Ɗaga kujera. A kan Trojan akwai harafi da lamba da aka buga a kan ƙarfen kan batir: A Janairu, B Fabrairu, haka har L Disamba, lambar kuma ita ce lambar ƙarshe ta shekarar. Su zama duk tsara ɗaya, kamfani ɗaya. Sabon batir a cikin tsofaffi ba ya gyara su, su ne za su ja shi ƙasa. Duba kumburi, da farin gari a kan kawuna, da wayoyin da suka narke. Buɗe murafu ka haska: ruwa ya rufe faifai? Faifan da ya bushe ya riga ya lalace, ko an cika shi jiya.

Sai awo. Cikakken batir mai bolt shida zai nuna wajen 6.37, mai takwas wajen 8.49. Jimillar mai 48 ta kusanci 50.9, mai 36 kuma 38.2. Auna ɗaya bayan ɗaya ka rubuta. Wanda ya yi ƙasa da 'yan uwansa da kusan rabin bolt shi ne baragurbin. Amma awon tsaye bai isa ba. Maƙala mitar, ku hau ku huɗu, ku nufi tudu. Lafiyayyu za su ɗan sauka su dawo da zarar an saki feda. Matattu za su rufta ƙasa, motar ta fara numfashi sama-sama. In na litiyum ne, yawancinsu suna haɗuwa da waya ta Bluetooth. Sa a buɗe maka ka ga sau nawa aka yi cajinsa da kuma ko ƙwayoyin sun daidaita.

Leƙa ƙarƙashin tiren baturan da tocila, nan asid ke cin ƙarfe. Girgiza tayoyin gaba ka ji ko akwai wasa. Duba ko cin taya ya karkata gefe ɗaya.

Tuƙa ta aƙalla minti ashirin, kada ka yarda da zagaye ɗaya a harabar shago. Tashi ya zama sumul babu fizga. Gwada ribas, ka ji ƙararrawarta. Taka birki da ƙarfi: yawancinsu tayoyin baya kaɗai ke da birki, don haka in ya yi laushi babu na biyu da zai cece ka. Tsaya a gangara ka sa birkin ajiya ka sauka ka gani. Daga nan ka taɓa kawunan batura da bayan hannu. Wanda ya yi zafi akwai sako-sako ko ruɓewa. A ƙarshe a jona caja a gabanka ka ga ta kama.

Game da waɗanda aka ɗaga aka sa wa manyan tayoyi inci 22 ko 23 a maimakon 18 na asali: suna da kyan gani, suna taimakawa a gona mai kunya-kunya, amma suna rage ƙarfin hawa kuma suna saurin kifewa a kwana. Don tsoho ko yara, bar ta yadda kamfani ya yi ta. Fitilu da rediyo kuwa bolt 12 suke ci. Tabbatar an sa musu na'urar rage wuta daga jimillar baturan. Masu gaggawa sukan saci wutar daga batir ɗaya ko biyu, su kuwa su riga sauran mutuwa.

Mataki na bakwai: ciniki da makonnin farko

Kafin ka taya, tambayi farashin cikakken jerin batura a kasuwa a wannan makon. Idan na jikinta sun haura shekara uku, ko awo ya nuna rauni, cire wannan kuɗin daga tayinka ka faɗa masa dalili. Caja ta shiga cikin ciniki, a rubuta. Garanti ma a rubuta, musamman na batir: shekara nawa, kuma wa zai canza, shagon ko kamfanin da ke wata ƙasa? Mai shigo da ita da kansa ya nemi ejan ɗin da ya taɓa fitar da irinta, domin batirin litiyum yana cikin kayan da jiragen ruwa ke lissafawa masu haɗari, da takardunsa na dabam.

Idan za a ja ta ko a tura ta kan mota, duba ƙarƙashin kujera akwai makunni mai rubutun Tow da Run. Mayar da shi Tow. Jan ta a Run yana iya ƙona kwantirola tun ba ta iso gida ba. Haka ma duk lokacin da za a taɓa wayoyin batir.

Tanadar mata rumfa mai inuwa da iska. Batirin dalma yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, kada a yi shi a rufaffen ɗaki, kada kuma maigadi ya zauna kusa da sigari. A jona ta duk daren da ta yi aiki, ko da kaɗan ne. Ruwan batir tatacce kaɗai za a zuba, ban da na rijiya ko na leda, kuma bayan an gama caji ake ƙarawa, sai dai in faifai sun fito fili, a nan a ɗan rufe su tukuna. Littafin kamfani zai ce wata-wata. A bazararmu ni duk mako biyu nake sa a duba. Farin garin kan kawuna ana wanke shi da bekin soda da ruwa, da safar hannu da tabarau.

Da damina a guji kududdufin da ya kai tsakiyar taya, kuma a hana masu wankin mota harba ruwan matsi ƙarƙashin kujera. Da hunturu a riƙa busa ƙura daga jikin caja da kwantirola. Mai gona ya ajiye kayan facin taya a aljihun gaba, don ƙayar tsaida ba ta san tsadar taya ba. Makulli kuma ya kwana a aljihunka: waɗannan motocin makullinsu kusan iri ɗaya ne a kowane kamfani, ba su da ƙara, kuma yaron shekara goma zai iya tayar da ita cikin daƙiƙa biyu. Idan akwai yara a gidan, sa mai wayarin ya ɓoye maka wani makunni na biyu a inda hannunsu ba zai kai ba.